Saƙon da ke cinye gaɓoɓi, shi ke tsare tarin fuka

Aikina harhaɗa magunguna ne a Zariya, kuma 'yan shekarun nan ana yawan tambayata labarin allurar nan mai tsada, irin su adalimumab da etanercept, da ake yi wa masu amosanin gaɓoɓi a ƙasashen waje. Wani ɗansa ne da ke Ingila ya ba shi labarinta, wata kuma a Facebook ta gani. Duk so suke in nemo musu. Ni kuwa nakan ce a dakata, akwai magana kafin a kai ga batun kuɗi.

Ciwon gaɓa iri-iri ne. Akwai na tsufa, wanda guringuntsin gwiwa ke zaizayewa. Wanda nake nufi daban ne, ya fi kama mata, sau da yawa tun da sauran ƙarfinsu. Wata Hajiya da ke karɓar magani a wurina ta taɓa shimfiɗa mini hannayenta a kan teburi. Gaɓoɓin tsakiyar yatsun sun kumbura, dama da hagu iri ɗaya, in ka taɓa sai ka ji ɗumi, zobenta ya nutse cikin nama. Ta ce, "Likita, da asuba ko murfin buta ba na iya kamawa, sai rana ta ɗaga hannun yake saki." A irin wannan ciwo babu wata ƙwayar cuta a cikin gaɓar. Garkuwar jikin mutum ce ta juya masa, take yaƙar shimfiɗar da ke cikin gaɓa har ta kai ga cin ƙashi.

Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne TNF, wanda Lloyd Old da abokan aikinsa suka bayyana a New York a 1975, lokacin da suka ga yana kashe ƙari a jikin ɓeraye. Da aka zo duba ruwan gaɓar masu amosani, sai aka tarar da irin waɗannan sinadarai birjik. Masana da yawa suka ce toshe guda ɗaya aikin banza ne, tunda sauran za su ci gaba da ɓarna.

Marc Feldmann da Ravinder Maini, a Cibiyar Kennedy da ke Landan a lokacin, ba su yarda ba. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne sauƙin gwajin da abokiyar aikinsu Fionula Brennan ta yi, aka wallafa a 1989. Ta karɓi naman gaɓa da aka yanko daga marasa lafiya wurin tiyata, ta raini ƙwayoyinsa a ɗakin gwaji, ta zuba musu abin da ke kama TNF ya hana shi aiki. Sai wani sinadarin kumburi daban, mai suna IL-1, shi ma ya yi ƙasa. Ashe TNF kamar mai shelar gari yake, in aka rufe masa baki sauran ba sa jin kira balle su fito.

A 1992 suka gwada a kan mutum 20 a asibitin Charing Cross, waɗanda magungunan da ake da su suka gaza a kansu. Maganin na wani kamfanin Amurka ne, Centocor, ta ƙarin ruwa ake sa shi. Kumburi ya sauka, masu sandarewar safe suka samu sauƙi cikin 'yan makonni. Shi ne infliximab, wanda Amurka ta amince da shi a 1998 don ciwon kumburin hanji na Crohn, a 1999 kuma don amosanin gaɓoɓi. Etanercept ma ya fito a 1998, adalimumab a 2002, su ma TNF suke toshewa. Feldmann da Maini sun karɓi lambar yabo ta Lasker a 2003, kuma sun cancanta.

To, ga inda nake tsayar da masu tambaya. Allah bai halicci TNF don ya lalata yatsu ba. Idan ƙwayar tarin fuka ta shiga huhu, jiki kan tara ƙwayoyin garkuwa su kewaye ta su killace, ta zauna shekara da shekaru mutum bai san yana ɗauke da ita ba. TNF na cikin abin da ke riƙe wannan killacewa. A 2001 aka wallafa rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tasar wa bayan an sa musu infliximab, akasari cikin watannin farko, kuma fiye da rabinsu cutar ta ɓulla ne a wajen huhu, inda gano ta ke da wuya. Mafi yawansu a ƙasashen da cutar ba ta da yawa suke. Mu fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, Najeriya kuma tana sahun gaba a yawan masu tarin fuka. Ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma ya yi mana katutu a Arewa, yakan farka idan aka danne garkuwar jiki.

Zazzaɓin cizon sauro ma ya shigo labarin. An lura yaran da zazzaɓin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa suna da TNF mai yawa a jini, sai aka yi zaton toshe shi zai cece su. An gwada a Gambiya a kan yara sama da 600, sakamakon ya fito a 1996. Mace-mace ba su ragu ba, kuma cikin waɗanda suka rayu, masu larurar ƙwaƙwalwa sun fi yawa a ɓangaren da aka ba maganin.

Akwai wani tsohon zance da har yanzu ke cutar da marasa lafiyarmu. A 1968 Brian Greenwood, yana aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya rubuta cewa cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita ba su da yawa a can, ya kuma yi hasashen ko yawan zazzaɓin cizon sauro ne ke sauya halin garkuwar. Mutumin nan ya zo nan Zariya a 1970, ya yi shekara goma yana aiki kan sanƙarau da zazzaɓi, ba na raina iliminsa. Amma hasashe ne ya yi, aka mayar da shi kamar hukunci, likitoci da dama suka daina neman ciwon. A 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa a Legas suka wallafa bayanin masu amosanin gaɓoɓi 200 daga asibiti guda. Ciwon yana nan, masu gane shi ne suka yi ƙaranci.

Shi ya sa abin da ya fi damuna ba rashin allurar ba ne. Mace za ta shekara biyar tana sayen dexamethasone ko prednisolone a kemis ba da takardar likita ba, tana haɗawa da diclofenac. Ciwo ya lafa, fuska ta cika ta yi zagaye, har a gida a riƙa cewa ta yi ƙiba ta samu lafiya, alhali sukari da hawan jini suna hawa, ƙashi yana rauni, gaɓar kuma tana ci gaba da lalacewa. Methotrexate, tsohon magani mai araha wanda ko a Landan da shi ake farawa, zai iya tsayar da ɓarnar a mutane da yawa in an soma da wuri. Sau ɗaya a mako ake shansa, ba kullum ba, nakan rubuta ranar da manyan baƙaƙe a jikin kwalin. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shansa, kuma sai ana duba jini da hanta lokaci-lokaci.

Wanda methotrexate ya gaza a kansa, likitan gaɓoɓi ya ce sai allurar, kuma Allah ya hore masa abin saye, ba na hana shi. Sharaɗina dai ya zo mini da hoton ƙirji, da gwajin tarin fuka mai ɓuya, da na ciwon hanta. In an samu ƙwayar a kwance, maganinta ake fara sha tukuna. Sai kuma in tambaye shi yadda wuta take a unguwarsu, domin adalimumab da etanercept a firji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 zuwa 8.