Shuuu a Rediyon Tsohuwar Mota: Ka Saurara Kafin Ka Kashe Kuɗi

Yawancin masu tsofaffin motoci a Jos, irin su Peugeot 406, Golf 3 da Carina E, da zarar rediyo ta fara shuuu sai su ce ta mutu, su nufi kasuwar Dilimi neman wata. A sa sabuwar, ƙarar tana nan daram, domin tun farko ba a cikin rediyon ciwon yake ba. Ita kanta ƙarar tana faɗin inda ta fito, in an tsaya an saurare ta.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Ka murɗa makulli rediyo ta kama, amma kada ka tada inji. Kamo tasha mai ƙarfi, kamar Peace FM a 90.5, sannan ka koma kaset ko CD. In shuuu ɗin a tasha kaɗai yake, kaset kuma tangaran, laifin eriya ne. In ko'ina yana nan, ka dubi sifika da wayoyinta. In kuwa shiru ake ji sai an tada inji, wutar motar ce ke kutsawa cikin sauti.

Eriya ta fi kowa laifi a garin nan. Gindinta yana buƙatar taɓa tsuran ƙarfen mota, ruwan Yuli da Agusta kuwa yana kwanciya daidai wurin har tsatsa ta raba su. A kwance notin, a goge ƙarfen da samfefa har ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris a kai don hana ruwa. Sai a zaro rediyon a duba kan wayar eriya a baya, don gargadar hanya kan sassauta shi. Don raba gardama, a soka wayar wuta mai tsawon santimita 75 a ramin tsakiyar soket ɗin eriya. In tasha ta fito fes, rediyo lafiyarta ƙalau, eriya ko wayarta za a canza.

Akwai wani tarko a motocin Beljiyam. Da yawansu eriyarsu tana da ɗan na'urar ƙara ƙarfi a gindi, ko a gefen gilashin baya, wadda ba ta aiki sai da wuta. Mai sa sabuwar rediyo sai ya naɗe shuɗiyar wayar ya cusa ta bayan dashbod, alhali ita ce ke kai wa na'urar volt 12. Sakamakon shi ne tashoshi biyu ko uku ne ke kamawa, sauran duk hayaniya. A wasu Volkswagen ma ta cikin wayar eriyar kanta wutar ke bi, sai an sa ɗan adafta. Amma in tasha ta shaƙe maka a gangaren Hawan Kibo, kada ka zargi kowa; duwatsu ne suka tare ta.

Ƙarar da ke bin inji iri biyu ce. Akwai siririn fito da ke hawa in ka taka totur, ya sauka in ka ɗaga ƙafa: wannan altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki. Akwai kuma tas-tas-tas mai sauri, ita ma tana bin totur, wadda ke fitowa daga fulogi, wayoyinsa ko kwil. Maganin ta biyun shi ne fulogi mai rezisto (ɗan abin da ke rage ƙarar tartsatsi), wanda a NGK za ka ga harafin R cikin lambarsa, kamar BPR6ES, da canza duk wayar fulogin da ta tsage. Ka buɗe bonet da daddare. In ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle a jikin waya, ka kama ɓarawon.

Fiton altaneta kuwa, kafin a taɓa ta, a fara da baƙar wayar rediyo, wato negatif. Sau da yawa an murɗe ta ne kawai a jikin wani sukuru da ke kan fenti ko roba. A gajarta ta, a sa mata kai mai zobe, a ɗaure a tsuran ƙarfe. A wanke kawunan batir, a duba kaurin wayar da ta haɗa batir da bodi da inji. Sannan a ɗora mitar gwajin wuta a kan batir: inji a kashe wajen volt 12.6, yana aiki 13.8 zuwa 14.4. A juya mitar zuwa AC inji na aiki. In ta haura rabin volt, akwai diyod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) da ya ƙone cikin altaneta, sai a kai wa mai gyaran wutar mota. 'Yar tacen ƙara da ake sawa a wayar wutar rediyo tana rage fiton, amma in diyod ne, rufa-rufa ce kawai, batir zai ci gaba da shan wahala.

Kada a manta da cajar waya mai araha da ake sokawa a wurin kunna sigari, da ƙwan fitila na LED marasa inganci. Zare cajar, kashe fitila, ka saurara.

Sifika ba ta da wuyar ganewa. A karkata sauti hagu, dama, gaba, baya, har a gane wadda ke ƙarar-ƙarar. A gwada ta da mita a ma'aunin om: lafiyayyar sifika mai lamba om 4 takan nuna 3 zuwa 4. In lafiyarta lau, a duba wayar a daidai robar da ke tsakanin ƙofa da bodi, inda buɗewa da rufewa na shekara ashirin ke karya ta a ciki, bawon kuma yana nan kamar ba komai. A motsa ta rediyo na kunne, za ta tona kanta.

In ƙarar tana tashi ne kawai lokacin da ake murɗa maɓallin ƙara murya, ƙurar hunturu ce ta shiga. A cire wayar negatif ta batir, a fesa man wanke kayan lantarki, a murɗa maɓallin sau ashirin, a bari ya bushe. Sai dai wasu rediyon kamfani suna neman lambar sirri bayan an cire batir, don haka a nemo ta tukuna.