Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Buɗe Bakin Buhu

A makon jiya na tsaya ne a daren da mota ta sauke ni a Gadarif, a gabashin Sudan, da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar canjin wurin aiki a aljihu, Kawu ya ba ni ɗakin da ke kusa da turken awaki. A daminar 1996 ke nan. Yau zan tsallake wata biyar, don babu abin da ke cikinsu sai laka da zazzaɓi da haddar sunayen yara.

Aji uku na sakandare aka ba ni, ajin masu rubuta shahada, wato jarrabawar kammala sakandare, ina koya musu Larabci. Samari ne sittin da 'yan kai. Kusan ashirin daga cikinsu Hausawa ne, na gane su tun makon farko, su ma sun gane ni da jin cewa daga Mai Wurno nake, garin mutanenmu da ke kudu da Sinnar. Amma a cikin aji babu wanda ya taɓa furta kalmar Hausa ko ɗaya. Sai mun haɗu a lungun unguwa yaro zai rusuna ya ce, "Ina wuni, Ustaz," da murya ƙasa-ƙasa.

Da Oktoba ta kama ajin ya ragu da rabi. Riɗi ba ya jiran kowa. Idan ya nuna aka yi jinkirin yanka, kwanson zai tsage, ƙwayar ta zube, wahalar damina ta zama rabon tururuwa. Ban taɓa dukan yaro a kan fashin kaka ba. Sai da sanyin Disamba ya fara sauka suka dawo, hannaye duk kanta, na dube su na tabbatar wa kaina abin da na daɗe da sani: mafi yawansu ba jami'a za su ba, aiki za su nema. Ranar darasin insha'i sai na ajiye batun da ke cikin manhaja, na ce kowa ya rubuta wa mudir, wato manajan wani kamfanin sayen amfanin gona, takardar neman aikin akawu. Mu a can "jawab" muke ce wa wasiƙa, kamar yadda Larabawan ƙasar ke faɗi, har yau kuma bakina ya fi saurin kamo ta.

Da dare na zauna gaban fitilar ƙwai ina karantawa. "Ni maraya ne." "Mahaifina ya tsufa, ƙanne bakwai ne a wuyana." "Ina roƙonku don girman Allah ku dube ni da idon rahama." Wani ya cinye rabin shafi yana yi wa mudir kirari da addu'a, bai ma faɗi aikin da yake nema ba. Ba ƙarya suke yi ba, na san gidajen wasunsu. Amma a takarda sama da hamsin, ban sami biyar da suka faɗi abin da mai takardar ya iya ba. Na kasa ci gaba da jan biro, domin muryar da nake ji a cikinsu na san ta.

Muryar ardihalji ce. Wanda bai zauna a Sudan ba, ardihalji shi ne marubucin da ke kafa ɗan tebur a inuwa, a ƙofar kotu ko ofishin hukuma, da takardun kabon da kan sarki da muke kira damga, yana rubuta wa mutane koke a biya shi. Shekarar da na gama sakandare Baba ya kama hannuna har Sinnar, muka zauna gaban wani dattijo irinsu, ya rubuta mini takardar neman aiki a wani kamfanin sukari. Larabcinsa kamar zuma. Ya faɗi talaucinmu, ya faɗi ciwon ƙafar Baba, ya faɗi yawan bakunan da ke gidanmu. Bai tambaye ni ko na iya wani abu ba, ni ma ban ga dalilin faɗa masa cewa shekara uku nake riƙe da littafin lissafin masu lambun ayaba da mangwaro a bakin kogi ba. Na yi wata shida ina zarya gidan waya. Ban ga laifin dattijon ba har gobe. Sana'arsa koke ce, koke kuwa ya rubuta.

Akwai dalilin da ya sa wannan murya ta zauna a bakin mutanenmu fiye da na kowa. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, garin ya ci sunansa. Wasu kuma hanyar Makka ce ta kawo su a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na jirgin ruwa, musamman bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 gonakin audugar Jazira suka buɗe baki suna neman hannaye. To da aka yi dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, sai ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Ka lissafa da kanka. Wanda ya taso bayan Burmi ya makara da shekara shida tun kafin ya ɗaura kaya. Haka iyayenmu suka ƙare ƙuruciyarsu a layin neman jinsiyya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da shaidu, da koke kan koke. An sassauta dokar daga baya, amma sunkuyar da kai a ƙofar ofis ya riga ya zama gado.

Washegari na shiga aji da takardun a hammata. Ban kira sunan kowa ba. Na ce, "Wanda zai ɗauki akawu ba zakka yake rabawa ba. Littafinsa yake so a riƙe masa. Ku faɗa masa abin da kuka iya."

Shiru. Can daga bencin baya wani dogon yaro, wanda tun zuwana ban ji muryarsa sau uku ba, ya ɗaga hannu. Da Hausa ya yi maganar, a gaban kowa.

"Ustaz, ai yabon kai jahilci ne."

Gabana ya faɗi, ba don tsoro ba. Na fassara wa sauran, nan take wani Balarabe ya ce su ma suna da irinta, wai mai yabon kansa Iblis ne. Ajin ya ɗauka gaba ɗaya, kowa na gyaɗa kai. Wato ba jahilcin tsarin wasiƙa ke damunsu ba. Tarbiyya ce, mai kyau kuwa, ni kuma ba rushe ta na zo yi ba.

Na tambayi yaron sana'ar mahaifinsa. Ya ce dillancin riɗi a kasuwar amfanin gona. Na ce, "Idan mai saye ya zo, Baba kuka yake masa ya ce yara ba su karya ba?" Ya ce a'a. "To me yake yi?" Ya ce buɗe bakin buhu yake yi, mutum ya zura hannu har gwiwa, ya murza, ya duba ko da ƙasa, ya tauna. Na ce, "Wannan yabon kai ne?" Ya yi jim, ya ce, "A'a, Ustaz. Nuna kaya ne." Na ce to takardar neman aiki bakin buhu ce. Idan ka ce kai haziƙi ne, amintacce, babu kamarka, ka yi yabon kai, kuma babu mai iya zura hannu ya taɓa. Idan ka ce ka yi shekara kaza kana aikin kaza a wurin wane, ga inda za a same shi a tambaya, ka ba da shaida ne. Abin da yake haram shi ne zuba mai kyau a sama, tsakuwa a ƙasa.

Tsarin kansa bai ɗauke mu rabin sa'a ba. Bisimilla a sama, kwanan wata, sai "Assayyid Mudir" da sunan kamfanin daidai yadda suke rubuta shi, sai layi guda da aka ja wa ƙasa mai faɗin aikin da ake nema, don mai buɗe ambulan ya san inda zai ajiye ta tun kafin ya karanta. Gaisuwa layi ɗaya ta isa. Shafi ɗaya, babu kankara, babu ninki huɗu. Na nanata musu kada wanda ya kuskura ya saka ainihin shahadarsa ko jinsiyyarsa ko takardar haihuwa a ambulan, hotonsu ake haɗawa, domin na ga wanda tasa ta ɓace a cikin kabad ɗin ofis ya shekara biyu yana bin ta. Adireshi ma sai da muka yi shawara, tunda gidajen unguwa ba su da lamba, waya kuma sai wane da wane. Muka tsaya a kan kantin da aka sani ko akwatin gidan waya na wani ɗan'uwa, bayan an nemi izininsa.

Wahalar tana tsakiya. Mako biyu muka yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, "Me kake yi bayan la'asar?" Kowa sai ya ce ba komai. Sai ka matsa ka ji wannan yana gyaran injin tarakta tare da yayansa, wancan shi ke karɓar kuɗi a teburin agashen babansa, ga wanda ke karantar da yara talatin allo da asuba. Duk a wurinsu wannan ba iyawa ba ce, zaman gida ne kawai. Wani ya ce mini, "Ustaz, ai ba takarda ake dubawa ba, wanda ka sani ake dubawa." Na ce gaskiyarka, sau da yawa haka ne. Amma ko wanda zai shige maka gaba yana bukatar abin da zai ajiye a kan tebur ba tare da ya ji kunya ba.

Dogon yaron nan kuwa, abin da na tono a wurinsa ya ba ni mamaki. Shi ke riƙe da littafin mahaifinsa. Ya san riɗi da kintari ake sayar da shi, rotali ɗari, kusan kilo 45, dawa kuma da ma'aunin da ake kira ardabi. Yana cire nauyin buhu da ka. Tun da aka kawo dinari a 1992, dinari ɗaya a bakin fam goma, manoma ba su daina ƙirga da fam ba, shi ke juya musu lissafin nan take ba a cuci kowa ba. Har Amharanci yana ji daidai gwargwado, saboda 'yan ƙwadagon Habasha da ke tsallakowa ta Gallabat lokacin yanka. Duk ya rubuta. Da ya zo layin harsuna sai ya sa Larabci da Amharanci ya tsaya.

Na ce, "Ina Hausa?"

Ya ce, "Ustaz, idan suka gani za su ture takardar gefe."

Ban ce masa ba za su ture ba, don ban isa in yi masa wannan alkawari ba. Na ce takardarka ce, kai za ka sa hannu.

Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga shi a ƙofar gidan Kawu, wai babansa na kirana. Na tarar da dattijon a rumfa kan tabarma, an kawo godogodo a ƙwarya. Mun gaisa, ya tambayi mutanen Mai Wurno gida-gida, sannan ya gyara zama.

"Malam, an ce kana koya wa yara cika baki a gaban manya."

Na ce, "Baba, a yi mini afuwa, a bari ya karanta maka, in akwai cika baki a yage."

Kafin yaron ya fara, dattijon ya sa aka ɗauko masa wani gwangwanin alewa. Cike yake da kwafen koke, sun yi ja don tsufa, kowanne da damgarsa. Ya ce, "Da waɗannan na sami jinsiyya. Da ladabi na same ta." Na ce haka ne, Baba, kuma albarkacinta ne yau ɗanka ba ya bukatar ya roƙa.

Yaron ya durƙusa ya karanta, yana mayarwa da Hausa jimla bayan jimla. Dattijon ya rufe ido yana jan carbi. Da aka zo wurin da ya ce ya riƙe littafin dillanci shekara uku, sai carbin ya tsaya.

"Huɗu ne. Tun kakar da aka canja kuɗi ka karɓi littafin, bana ta biyar muke ciki ba ta ƙare ba. Kada ka rage wa kanka awo, shi ma zalunci ne."

Aka gyara. Da aka iso harsuna ya buɗe ido.

"Kai, manoman ƙauyukan Rahad da ke kawo mana kaya, da wane baki kake musu lissafi?"

"Da Hausa, Baba."

"To mutumin nan riɗin wa zai saya? Rubuta."

Ya miƙa masa bayan tire ya ɗora takardar. Na ba shi birona, na ce ya yi a hankali, wannan gwaji ce, gobe zai sake kwafe ta a sabuwar farar takarda. Dattijon ya mayar da murfin gwangwaninsa, ya tura mini ƙwaryar ya ce in ƙara.

Kamfanin da na ba su a aji na ƙirƙira ne, amma yaron da gaske ya ɗauki abin. Bayan an gama jarrabawar shahada ya canja sunan da ke sama, ya kai takardar wani ofishi da ke bakin kasuwa da hannunsa. Abin da ya tarar a can, da yadda maganar ta dawo har ofishin shugaban makarantarmu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.