Gangar Bahia a cikin kiɗan kwamfuta

Ɗazu ƙanina ya kunna wani kiɗan funk na matasan birnin Rio de Janeiro na ƙasar Birazil, duk na'ura ce ta haɗa shi. Ina shirin ce masa ya rage ƙara sai kunnena ya tsinkayi bugun ganga can a ƙasa. Na ce, “Kai, maido baya!” Salon atabaque ne, gangar da ake kaɗawa a wuraren ibadar Candomblé (addini mai tushe a Afirka) da wasan capoeira (wasan faɗa haɗe da rawa) a jihar Bahia ta Birazil, inda aka yi ta sauke bayi daga Afirka, har da Hausawa. Sai a 1888 Birazil ta soke bauta.

Jikina ya yi sanyi. Shi kuwa rawarsa kawai yake yi. Anya yaran da suka haɗa kiɗan nan sun san hannun wa suka gada?