Yadda na shiga kwana-kwanan sa kai a Jamus

Duk wanda na faɗa wa ina aikin kwana-kwana a nan Jamus sai ya ce to nawa ake biya, in na ce ko sisi sai ya ɗauka wasa nake. Gaskiya ce wallahi. Masu albashi galibi a manyan birane suke irin su Berlin da Frankfurt, birane ɗari da 'yan kai, sauran garuruwa da ƙauyuka kuwa 'yan sa kai ne ke riƙe da su, mutum wajen miliyan ɗaya, makanikai ne da manoma da malaman makaranta da masu gasa burodi, maza da mata. Freiwillige Feuerwehr ake ce wa ƙungiyar, da wuya ka shiga ƙauye ba ka ga garejinsu da jar motarsu ba.

Ni a wani ƙaramin gari nake a jihar Hessen, aikin dare nake yi a masana'anta. Maƙwabcina ne wani dattijo ya ja ni, ya ce matsalarsu rana ce, samari duk sun tafi aiki birni, in aka kira da hantsi sai mota ta rasa masu cika ta, alhali dokar Hessen ta ce cikin minti 10 da kira taimako ya iso. Ya ce kai kana gida da rana, zo ka gani kawai. Na je atisayensu na yamma na tsaya gefe ina kallo, kafin a tashi an miƙo min hular kwano da safar hannu an ce in kama naɗe tiyo.

Abin da ban zata ba shi ne yawan karatun. Kwas na farko kaɗai awa 70 ne, a ƙarshen mako ake yi, da Jamusanci kuma, akwai taimakon gaggawa, ƙulle-ƙullen igiya, kafa tsani, yadda wuta take ci da abin da ke kashe kowace iri. Mutum tara ne cikakken rukuni kuma kowa ya san aikinsa tun daga kujerar da ya zauna a mota, biyu na shiga ciki, biyu na nemo ruwa, biyu na shimfiɗa tiyo, ga mai inji ga ɗan aike ga kwamanda. Ruwan da ke cikin motar 'yan mintoci zai yi ya ƙare, shi ya sa masu nemo ruwa suke gudu su buɗe famfon da ke binne a titi, akwai ƙaramin farin allo mai jan baki a jikin bango ko turke da ke nuna maka mita nawa za ka taka ka same shi ko da ƙanƙara ta rufe.

Inda abin ya taɓa ni sosai shi ne maganar gemu. In kana son shiga cikin hayaƙi da tukunyar iska a baya sai likita ya gwada zuciyarka da huhunka, ka yi wani kwas na awa 25, sannan fuskarka ta zama babu gashi duk inda robar takunkumin take kamawa, don ko ɗan saje ne iska mai guba za ta samu hanya. Ba wai don kai Musulmi ba ne, Bajamushe mai gemu ma haka ake ce masa. Na daɗe ina juya abin a raina, na yi shawara da wanda na yarda da iliminsa, daga ƙarshe na aske, kuma har yau in na duba madubi ina jin nauyinsa. Akwai wani ɗan'uwa Baturke a cikinmu da ya ce shi kam ba zai taɓa nasa ba, babu wanda ya matsa masa, ya koyi injin famfo, yanzu in yana kan injin hankalina kwance yake don na san ruwa ba zai yanke min ina ciki ba. Don haka wanda gemu zai hana shi zuwa ya sani akwai aiki a waje da yawa.

Cikin hayaƙi ba ka ganin ko tafin hannunka, da rarrafe ake tafiya, hannu ɗaya na kan tiyo kana jin numfashin abokinka a gefe, kayan jikinka sun haura kilo 20. Tukunyar lita 6 ce an matse iska a ciki, wajen rabin awa take kai ka, in kana haki ma ba za ta kai ba. A waje akwai wanda aikinsa kawai ya riƙe allo yana rubuta lokacin da kuka shiga da iskar da ta rage, ga wasu biyu sun shirya tsaf suna jira ko da za ku maƙale. Mutum biyu ake shiga, mutum biyu ake fita, in iskar abokinka ta yi ƙasa kun juyo ke nan ko da taka cike take.

Amma fa gobara ba ita ce ta fi yawa ba. Hatsarin mota, bishiya ta faɗo kan titi, ruwa ya cika ɗakin ƙasa, mai ya zube a kwalta, ko a ce wata tsohuwa ba a ji motsinta ba a zo a buɗe ƙofa. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya min a rai, wani lokaci ka samu mutum da rai wani lokaci sai dai innalillahi, kuma a ƙaramin gari fuskar da ka sani ce. Bayan irin wannan ba a watsewa nan take, a zauna a yi magana, su da giyarsu ni da lemona, kuma tun da suka gane ba na cin naman alade suke ware min nawa wajen gasa nama.

Iyali ma suna biyan nasu kason. Ɗan akwatin kiran da ke ƙuguna ba ruwansa da ana cin abinci ko ana sahur, uwargida ta saba da jin ƙarar ƙofa, addu'a take bi na da ita. Wajen aiki kam doka ta rufa mana asiri, dole oga ya sake ka, albashinka ba ya raguwa, hukumar garin ce ke mayar masa da kuɗinsa, akwai inshora kuma in ka ji rauni.

Nakan tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da yadda mutanenmu ke rugawa da bokiti da yashi ba tsoro ba komai. Wallahi ba mu rasa masu zuciya ba, na ga na nan na ga na gida. Abin da na nan suka fi mu shi ne tun kafin wutar ta tashi an san wa zai riƙe me, an san inda ruwa yake, an bar hanyar da mota za ta bi. Ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya zaɓar samari a kowane layi ta roƙi hukumar kashe gobara ta horar da su, a ajiye tankin ruwa da tukwanen kashe wuta a inda kowa ya sani, a hana kasa kaya a bakin hanya. A gida kuma don Allah, in man girki ya kama da wuta kada a zuba masa ruwa, a kashe gas a rufe tukunyar da murfi, in ɗaki ne ya kama a fita a ja ƙofa a rufe, kuma kada a ƙara wa janareto fetur yana aiki.