Nektai da ciwon ƙeya: daga kwalar riga matsalar take farawa

Masu tarbar baƙi a otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami a Makka da Madina, da 'yan'uwanmu da ke ofisoshin kamfanoni a Jidda da Riyad, da wasu direbobi da masu gadi, kayan aikinsu riga ce mai kwala da nektai. Da safe ake ɗaurawa, ba a kwancewa sai an tashi. Kukansu kusan ɗaya ne: kafin La'asar ƙeya ta yi nauyi, kafaɗu sun ƙage, wani sa'in ciwon kai ya taso daga baya ya gangaro goshi. Nan take sai a ce nektai ne. Yana da nasa laifin, amma ƙyallen da bai kai wayar hannu nauyi ba ina ya ga ƙarfin lanƙwasa ƙashin baya? Ɓarnarsa ita ce hana wuya motsi, kuma galibi kwalar da ke ƙarƙashinsa ce ta riga shi matsewa.

Ƙasusuwa bakwai ne a wuya, suna ɗauke da kai mai nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Lafiyayyen wuya yana juyawa wajen digiri 80 ta kowane gefe, kuma kusan rabin wannan juyi a tsakanin ƙasusuwa biyu na can sama yake faruwa, dab da ƙoƙon kai. Kwala ba ta kai can ba. To yaya aka yi take hana juyi? Akwai tsoka guda biyu, dama da hagu, da suka taso daga bayan kunne suka sauko saman ƙirji. Juya kanka hagu ka shafa gefen dama, za ka ji ta miƙe ta yi tauri. Duk juyin da za ka yi sai wannan tsoka ta kumbura ta zame a ƙarƙashin kwala. In babu sarari, fata ta goge, zakaran wuya ya dannu, sai jiki ya koyi gudun abin da ke damunsa ba tare da ka sani ba. Mutum ya koma juyawa da ƙirji gaba ɗaya, ya turo haɓa gaba don maƙogwaro ya sarara, ya ɗan ɗage kafaɗu.

Wannan ɗage kafaɗa shi ne tushen ciwon. Faffaɗar tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗa an yi ta ne don ta ɗaure ta saki. Idan ta wuni a ɗaure, ko da kaɗan ne, jini ba ya ratsa ta yadda ya kamata, sai ta gaji ta yi ƙululu masu zafi in an danna. Wani bincike da aka yi a Koriya ta Kudu, aka buga a 2011, ya gwada masu aiki da kwamfuta da matsattsen nektai da kuma babu shi: motsin wuya ya ragu, aikin wannan tsokar kuwa ya ƙaru. Sannan ga sunkuyo. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa kan da ya karkata gaba digiri 15 yana ɗora wa wuya nauyin kilo 12, a digiri 30 kuma kilo 18. Lissafi ne na kwamfuta, ba awo a jikin mutane ba, amma duk wanda ya wuni kan kantar otal yana duba fasfo ɗin alhazai ya san akwai gaskiya a ciki.

Maganar jini ce ta fi tsorata mutane. Jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai suna kusa da fata, ga su da laushi, matsi kaɗan ke danne su. A 2018 likitoci a birnin Kiel na Jamus sun sa samari 30 a na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, rabinsu an matse musu nektai har suka ji ba daɗi, aka ga jinin da ke zagaya ƙwaƙwalwarsu ya ragu da kashi 7.5 cikin ɗari. Jaridu sun yi ta yayatawa. A ganina an kambama abin: matsin ya wuce wanda mai hankali zai wuni da shi, kuma lafiyayyen saurayi ba zai ji komai ba daga raguwa irin wannan. Wanda ya fi cancantar kulawa shi ne na ido. Wani bincike a New York a 2003 ya gano cewa minti uku da matse nektai, matsin ruwan cikin ido ya ƙaru. Saboda haka mai ciwon gilakoma, wato hawan matsin ruwan ido, ko wanda za a auna masa ido a asibiti, ya sassauta wuyansa tun kafin a fara, kada awon ya fito sama da gaskiya. Dattawa kuma su lura: akwai wani gurbi a jijiyar gefen wuya da ke daidaita bugun zuciya, wasu masu shekaru in kwala ta danne shi yayin juya kai sai jiri ya kwashe su, har suma.

Gyaran daga tef ɗin tela yake farawa. A zagaya wuya ƙasa da zakaran wuya kaɗan, kana tsaye, kai a miƙe, tef ya kwanta a fata ba ja. Abin da ya fito a ƙara masa santimita 1 zuwa 1.5. Rigunan da ke kasuwa wasu da inci aka rubuta musu lamba, wasu da santimita: 16 daidai yake da 41, 16.5 da 42, 17 da 43. Rabin inci ya ɗan haura santimita ɗaya, ka ga kuskuren lamba guda ya isa ya cinye sararin duka. Ka ɓalle maɓallin sama, yatsu biyu su shiga tsakanin kwala da wuya ba tare da turawa ba. Abu biyu ke ɓata wannan awo daga baya. Auduga tana tsukewa in ta sha ruwan zafi da injin busarwa, ga sitacin da masu wanki ke zubawa har kwala ta sandare. Na biyu ƙiba: rigar aikin da aka ba mutum shekarar da ya sauka Saudiyya ba lallai ta yi masa ba bayan kabsa da mandi, shinkafa da naman Larabawa, sun zauna a jiki. In matsin kaɗan ne, tela zai matsar da maɓalli rabin santimita zuwa ɗaya. In ya wuce haka kwalar za ta karkace, gara a sake riga.

Sai ƙulli. Aikinsa ya rufe maɓalli ne kawai, ba shi zai haɗe kwala ba. Kuskuren da ya fi yawa ke nan: riga ta yi kaɗan, sai a bar maɓallin sama a buɗe a ja nektai ya rufe giɓin. Ƙullin yana zamewa, ana sake ja, kowane ja ya fi na baya, ƙarfin duka kuma a siririn layi guda yake sauka kan maƙogwaro. Ƙaramin ƙulli mai zagaye ɗaya ya fi babban ɗaurin da ake kira Windsor sauƙi ga mai gajeren wuya ko mai kauri, don babban ƙulli yana tokare haɓa duk lokacin da aka duba ƙasa. Mai gadi da direba, in wurin aiki ya yarda, su nemi nektai mai maƙalawa a gaban kwala. Ba ya zagaya wuya sam, kuma in wani ya cakume shi fita yake yi.

Ba sai an je asibiti a gwada ba, salla ta ishe mu awo. Idan za ka yi sallama, dama da hagu, ka lura: kai ne ke juyawa shi kaɗai, ko kafaɗa ce ke binsa? A sujada kuma, in fuska ta cika ta yi nauyi, idanu suka yi jawur, matsin ya yi yawa. Lokacin alwalar Azahar da ta La'asar dama ce da aka ba ka kyauta: sassauta ƙulli, buɗe maɓalli, sai an idar ka mayar. Direba kuwa ya gwada leƙa bayan kafaɗa kafin ya tayar da mota, domin a manyan titunan Riyad madubi kaɗai ba ya nuna komai da komai. Masu jallabiyar nan ta Saudiyya mai tsayayyar kwala su ma ba su tsira ba, dokar yatsu biyu ta hau kansu.

Nektai ko babu, tebur ma sai an gyara. Saman allon kwamfuta ya zo daidai da ido, nisansa kamar tsawon hannu. A daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. A kauce wa zama inda iskar AC ke sauka kan ƙeya, musamman an shigo daga rana da gumi, don sanyi na sa mutum takure kafaɗu. Kowane rabin awa zuwa minti 45, ja haɓa baya kai tsaye, ba sunkuyawa ba, riƙe daƙiƙa 5, sau 10. Sannan karkatar da kunne wajen kafaɗa a hankali, daƙiƙa 20 kowane gefe, ɗaya kafaɗar tana ƙasa. Banda fizgar wuya don ya yi ƙara, banda barin wanzami ko aboki ya murɗa shi.

Akwai alamun da sassauta nektai ba ya maganinsu. Ciwon da ke sauka hannu har yatsu, mutuwar hannu ko jin kamar ana tsira masa allura, abu yana suɓucewa daga riƙo, tafiya tana tangaɗi, ko ciwon da ya yi makonni bai lafa ba duk da gyaran kwala da zama: waɗannan na likita ne, don jijiya ce mai yiwuwa ta dannu a tsakanin ƙasusuwa. Haka in kwalar da ta saba yi maka daidai ta fara matsewa alhali ba ƙiba ka yi ba, rigar kuma ba tsukewa ta yi ba, ka tsaya gaban madubi ka haɗiye yawu. In ka ga kumburi yana hawa da sauka a gaban wuya, je a duba maka maƙoƙo.