Aikin jirgi a Binuwai: hanyar bara ba ita ce ta bana ba

Jiragenmu na ruwa na katako ne masu inji, muna dakon buhuna da mutane tsakanin Numan, Lau da Ibi. Kogin Binuwai daga tsaunukan Adamawa na Kamaru ya taso, ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi, tafiyar kusan kilomita 1,400, kafin ya zuba a kogin Neja a Lakwaja. Kogin Faro na shigo masa kusa da iyakar Najeriya da Kamaru, Gongola a Numan, sai Taraba da Donga kafin Ibi. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwa ya cika, jirgi da cikakken lodi na wucewa ba fargaba. Amma daga Fabrairu zuwa Afrilu akwai wuraren da ruwan bai fi gwiwa ba, tudun yashi ko'ina.

Wahalar kogin nan ita ce ƙasansa yashi ne, kuma yashi tafiya yake. Inda aka bi bara, bana tsibiri ne. Shi ya sa ba ma ba yaro inji sai ya daɗe a goshin jirgi da gwangwala yana auna zurfi. A kwanar kogi, zurfi na gefen gaɓar da ruwa ke ci, mai tsayin nan da ke zaftarewa; ɗaya gefen yashi ne. Ruwa mai duhu da ya kwanta luf, bi shi. Wanda ke ƙananan rawa yana ƙyalli, yashi ne a kusa. In ka ga ruwa ya rabu biyu kamar an tsaga shi, kututture ne a nutse, shi ne ke fasa ƙirjin jirgi. Irin waɗannan sun fi yawa bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar 2012 da 2022.

Inji ma yashin ne ke kashe shi. Yana cinye robar famfon sanyaya inji, don haka direba ya riƙa waiwayen ɗan ruwan da ke tsartuwa ta baya. Da ya ɗauke, a kashe nan take. A ruwa mara zurfi a ɗaga ƙafar inji, a koma gwangwala, kada farfela ta daki ƙasa. Haɗin mai kuwa, rabin lita na man inji a lita 25 na fetur, ba ragi.

Jikin jiragenmu maɗaci ne ko kawo da ya bushe sosai, a cusa auduga a tsakanin katako, a bi da kwalta mai zafi ciki da waje. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu haɗa jirgi da ɗanyen farin katako, su shafa fenti, su karya farashi. Damina ɗaya katakon ya motsa, ƙusa ta saki, sai kwalfar ruwa. Su ne kuma ke lodi har ruwa ya kusa baki. Mu dole a bar kamu ɗaya tsakanin ruwa da bakin jirgi, kowa ya sa rigar ruwa, kuma bayan magariba ba ma tashi, ga duhu ga dorina.

Sai mai kaya ya zo ya ce, "Haba Alhaji, wancan rabin kuɗinka ya ce, ka ƙara min buhu goma mana." Amsarmu ɗaya ce: a yi sawu biyu, ko a jira jirgin gobe da safe.