Gidan tiki: jinka a sama, ma'auni a hannu

Wanda ya shiga gidan tiki, wato gidan abin sha da abinci mai adon tsibiran tekun Pasifik, karon farko, ado ne yake fara ɗauke masa hankali: rufin jinka a cikin ɗaki, bango lulluɓe da tabarma da gora, fitilu masu dishi-dishi a cikin ƙwallayen gilashi irin na tarun masunta, ga ƙarar ruwa yana zuba ta wani lungu. Ba taga, ba agogo. Da gangan ake yin haka, don mutum ya manta cewa a waje sanyi ake yi ko kuma motoci ne ke wucewa. Amma mu da ke cin abinci da wannan sana'a mun san ado sau ɗaya yake kawo kwastoma. Abin da ke dawo da shi yana bayan kanta, wurin matse lemun tsami da awon ruwan sukari.

Sana'ar 'yar Amurka ce, ko da yake da sunan tsibiran Polinesiya take tafiya. Wani ɗan yawon duniya, Ernest Gantt, wanda daga baya ya koma Donn Beach, shi ya buɗe ɗan ƙaramin wuri a Holiwud da aka janye dokar hana giya a ƙarshen 1933. Ya dogara da giyar rake ta Karibiyan da ake kira ram saboda ita ce mai araha a lokacin, abincinsa kuma na 'yan Kanton ne na ƙasar Sin, masu haɗa masa abin sha yawancinsu 'yan Filifin. Wato tun daga tushe babu abin Polinesiya a ciki sai ado. Victor Bergeron da ke da wata mashaya a Oakland tun 1934 ya ga kasuwar, ya sauya wa wurinsa suna zuwa Trader Vic's, shi ne kuma ya ce ya ƙirƙiro haɗin abin shan da ake kira Mai Tai a 1944. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo daga tekun Pasifik, Hawai ta zama jiha a 1959, sai abin ya bazu kamar wutar daji. Otal ɗin Fairmont na San Faransisko ya mayar da tafkin ninkayarsa ya zama tsakiyar gidan tikinsa mai suna Tonga Room a 1945, makaɗa na kan kwale-kwale, lokaci-lokaci a sako ruwan saman bogi. Gidan tiki na Mai-Kai ya buɗe a Fulorida a 1956, na Kahiki a garin Columbus na jihar Ohayo a 1961.

Donn yana da wata dabara da ta taimake shi, daga baya ta cuci sana'ar. Don kada a sace masa ma'aikata da sirrinsu, sai ya riƙa cire sunaye daga kwalabe yana sa lamba, mai haɗawa ya san dai ya zuba kaza daga kwalba ta biyu, bai san mene ne a ciki ba. Da tsofaffin ma'aikata suka ƙare, sirrin ya bi su. A shekarun 1970 gidaje da yawa suka koma lemun gwangwani da garin tsami na leda, kofi ya zama ruwan alawa mai launi, mutane suka gaji. Manyan gine-ginen kuma haya da gyara suka cinye su. An rushe Kahiki a 2000 aka gina kantin magani a wurin. Sai da wani marubuci, Jeff Berry, ya bi tsofaffin ma'aikata da 'ya'yansu yana karanta littattafan aljihunsu kafin a gano, misali, cewa abin da ake kira haɗin Don kashi biyu ne na ruwan garehul da kashi ɗaya na ruwan sukarin kirfa. Gidajen yanzu, irin su Smuggler's Cove da ya buɗe a San Faransisko a 2009, a kan wannan tonon suka tsaya, kuma ƙanana ne idan aka kwatanta da na da.

A wurinmu ba a sayar da giya, kuma aikin bai ragu da komai ba, domin mafi yawan wahalar tana cikin lemo, sukari da ƙanƙara. Tsohuwar ƙa'idar Karibiyan ita ce kashi ɗaya na tsami, biyu na zaƙi, uku na mai ƙarfi, huɗu na ruwa. Gurbin mai ƙarfin ana cike shi da baƙin shayi mai kauri da aka bari ya huce, ko ruwan citta, don harshe ya ji ɗan ɗaci da yaji. In ba haka ba, abin da ka ba mutum lemun yara ne.

Lemun tsami ake fara matsewa, kuma kullum. Babba ɗaya yana ba da mililita 25 zuwa 30, don haka daren da ake sa ran kofi 150 ana bukatar lemo kusan 140. A matse shi awa biyu ko uku kafin buɗewa, a tace da rariya mai laushi, a sa a firji cikin kwalba mai murfi. Wanda ya kwana ya tashi daga aiki, ɗaci yake yi da ɗanɗanon ƙarfe. Kada a danne shi har ƙarshe a matsewa, farin ɓawon ciki shi ke sakin ɗaci. Abarba ma ɗanya ake so, ita ce ke ba da farin kumfa a saman kofi, ta gwangwani ba ta yi kamarta.

Ruwan almon (ɗan itace mai kama da gyaɗa), wanda ake kira orja, shi ne inda ake gane gidan da ya san aiki. A samu almon da aka cire wa fata giram 500, a ɗan gasa shi sama-sama har ƙamshi ya tashi, a jiƙa cikin lita ɗaya ta ruwan ɗumi na awa huɗu ko ya kwana a firji, a markaɗa, a matse da ƙyalle mai tsabta. A auna nauyin madarar da ta fito, a zuba sukari daidai nauyinta, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya narke. Idan ya tafasa, man almon zai rabu da ruwa, ya riƙa yawo a sama kamar miyar da ta kwana. Bayan ya huce a ɗiga ruwan furen lemo ƙaramin cokali ɗaya; in ya zarce haka, kofi zai yi warin sabulu. Kamar mako biyu yake yi a firji, a rubuta kwanan wata a jikin kwalba, a girgiza kafin a zuba. Kuma dole a rubuta a takardar abinci cewa akwai almon a ciki, saboda masu borin jini da shi. Na kirfa ya fi sauƙi: sanda huɗu a daddaka, ruwa rabin lita, sukari rabin kilo, minti goma a wuta, a rufe ya kwana kafin a tace. Garin kirfa ba ya yi, yauƙi yake saki.

Ga awon kofi ɗaya da ke tafiya sosai: lemun tsami mililita 25, abarba 60, orja 20, ruwan kirfa 10, shayi mai sanyi 60, da niƙaƙƙiyar ƙanƙara giram 200. A buga a injin kaɗawa daƙiƙa huɗu ko biyar kawai, a juye duka cikin kofi, a ƙara ƙanƙara har ta yi tozo, a mari reshen na'ana'a a tafin hannu sannan a soka kusa da tsinken sha don hanci ya riga baki. Komai da ma'auni ake zubawa. Kofin da ke da abu biyar ko bakwai ba ya yafe zuba da ido, mililita biyar na sukari ya isa ya juya shi.

Ƙanƙara kuwa ita ce ke kunyata sababbin shiga. Kowane kofi yana cin giram 250 zuwa 300 idan aka haɗa da ta sama, wato kofi 150 yana cin wajen kilo 38 zuwa 45, ban da wadda ke narkewa a akwati. Niƙaƙƙiya tana saurin jiƙewa, jiƙaƙƙiya kuma tana tsinka abin sha tun kafin ya kai tebur, don haka akwatin ya kasance da ramin tsiyaya a ƙasa, a niƙa kaɗan-kaɗan. Madarar kwakwa ma tana da nata halin: manta yana daskarewa da zarar ya ji sanyi, sai ka ga gudaji a kofi. Maganinsa a haɗa ta da ruwan sukari da ɗumi tun da rana, a markaɗa sosai, sannan a ajiye.

Kicin bai kai haka rikici ba. Faranti ne na ƙananan abubuwan taɓawa da ake kira pupu, da ɗan murhu a tsakiya: fukafukin kaza, tsiren nama, jatan lande da kwakwa, da soyayyen ƙullin kaguwa da cuku. Na asali yana da haƙarƙarin alade, ana maye shi da na rago ko na sa. Kuskure ɗaya da ake yawan yi shi ne jiƙa nama cikin ɗanyar abarba ya kwana. Tana da sinadarin da ke narkar da tsoka, da safe sai a tarar da shi ya yi laɓo-laɓo. Minti 30 ya isa, ko a tafasa ruwan abarbar tukuna.

Ado kuma kuɗi yake ci kullum. Gora da ba a jiƙa ta da ruwan borakis, gishirin da ke kashe ƙwari, ba, ƙwaro zai shige ta, alamar ita ce farin gari a ƙasa da safe. Jinka da tabarma suna tara ƙura da maiƙon kicin, ga su abincin wuta. Gobarar Cocoanut Grove a Boston a 1942, inda mutum 492 suka mutu cikin wurin da aka ƙawata da itatuwan kwakwa na bogi, ita ce ta tsaurara dokokin ƙofofi da kayan ado a Amurka. Yau ko a fesa wa jinka maganin hana kama wuta a riƙa sabuntawa, ko a sayi ta roba mai takardar shaida. Kofin da ake kawowa da wuta a ɓawon lemo ana barbaɗa kirfa tana tartsatsi, kada a kunna shi ƙarƙashin jinka, ko da kwastoma ya roƙa. Ruwa ma maƙiyi ne: rufin kicin ɗin Mai-Kai ya rufta a 2020 bayan ruwan sama da fashewar bututu, sai a 2024 aka sake buɗewa.

Sai kofunan tangaran. Ana sace su, wannan ba makawa, shi ya sa gara a sayar da su a fili a bar masu tsada a kan kanta. Amma siffar da ke jikinsu, ta sassaƙen gumakan tsibiran, tana bukatar tunani. A wurin al'ummar Maori ta Niyu Zilan, Tiki shi ne mutum na farko. A Hawai sassaƙen suna wakiltar abin bautarsu irin su Ku da Lono, manyan kawunan dutse kuma na mutanen tsibirin Rapa Nui ne. 'Yan tsibiran da dama sun daɗe suna cewa ba su ji daɗin ganin ana shan abu a cikin kan abin da kakanninsu suka girmama ba, kuma ni ina ganin suna da gaskiya. Gidaje da yawa yanzu sun koma siffar abarba, kwakwa, kifi da aku, wasu ma sun cire kalmar tiki daga allo. Kofin abarba yana da wani amfanin: bakinsa faɗi ne, burushi yana kaiwa ƙasa, ba kamar dogon kofi mai lunguna ba inda ɓargon lemo ke maƙalewa har ya yi tsami. A duba kuma fentin ciki ya zama wanda aka tabbatar ba dalma, domin ruwan tsami yana jawo ta.